Kawu Bawa, Wakilin Sammaci

Duk wanda ya san Kawu Bawa ya san ba a wuce shi da safe haka nan. Da an fito sallar asuba zai shimfiɗa tabarmarsa gindin dogon yaron da ke ƙofar siton hatsin yayansa, Alhaji Mamman, nan Gusau, ya jingina da bango, ya lumshe ido ɗaya. Kana zuwa wucewa, ko gobara za ka kashewa, sai ka ji an kama maka gefen riga.

"Taho ka ji abin da anka nuna min."

Bai taɓa cewa ya yi mafarki ba, shi kullum nuna masa ake yi. Ni Lawali, ɗan ƙanwarsu, ni nake tuƙa motar sito a lokacin, don haka babu wanda ya sha waɗannan labarai kamata. Yau an nuna masa dutsen Kwatarkwashi ya tashi da mikiyoyinsa a ka, ya nufi kasuwar Tsafe sayen gishiri. Gobe an nuna masa gero yana tsira a bayan raƙuma, suna tafe ana girbi. Idan ka tambaye shi fassara sai ya ce, "Ni kallo anka ba ni, ba a ba ni bayani ba."

Sana'a kuwa, Allah ya jiƙan Kawu! An saya masa shanun huɗa, ya ce idonsu na ba shi tausayi. An buɗe masa tireda, ya riƙa hana mutane sayen kaya wai kanta ta fi kyau a cike. Daga ƙarshe Alhaji ya sallama, ya bar shi da inuwarsa.

To, bayan an ba mu jiha Gusau ta zama babban birni, Alhaji ya so shiga kwangilar kai hatsi makarantun kwana. Aka ce sai da kamfani mai rajista. Ya ɗauko wani lauya, saurayi mai fara'a, suka zauna a ƙofar sito ana cike-cike. Can lauya ya ɗago kai ya ce:

"Alhaji, saura abu guda. Ana son wurin da za a riƙa samun kamfani, da mutumin da zai karɓi takardar kotu a madadinsa idan an kawo. In sammaci ya zo bai tarar da kowa ba, ana iya yanke muku hukunci ba ku sani ba."

Alhaji ya ce shi ba ya zama, yau Tsafe gobe Bungudu. Ni kuma kullum ina bisa hanya. Lauya ya ce, "Ai wanda ba ya motsawa ake nema."

Wallahi kamar an haɗa baki, gaba ɗaya muka waiwaya gindin dogon yaro. Kawu na kwance, hula a fuska, ƙuda na yawo a kan babban yatsansa.

Aka tashe shi aka yi masa bayani. Ya zauna, ya gyara hula, ya dubi lauya.

"Yaro, mi kac ce aikin?"

"Zama kawai, Baba. Ka zauna, in an kawo takarda ka karɓa."

Kawu ya juya wajen yayansa, fuska cike da nasara. "Alhaji, ka ji ko? Shekara da shekaru kuna ce min malalaci, ashe horo nike!"

Daga ranar Kawu ya zama wani mutum. Ya sa aka wanke masa babbar riga, ya nemo alƙalami ya soke a aljihu, ko da yake bokon bai taɓa haɗa hanya da shi ba. Wanda ya ce masa Bawa ba ya amsawa, sai an ce Wakili. Matarsa Inna Hajo ta riƙa aiko masa da abincin rana nan gindin bishiya, tana mita wai ta auri mutum ya koma turke. Da aka yi sunan jikarsa a Bungudu, Alhaji ya lallashe shi har ya gaji.

"Haba Bawa, ranar Asabar ce fa. Kotu ba ta aiki."

"Kotu na hutu, Alhaji, amma masu ƙara ba su hutu. Ku gaishe min da jaririya, ku ce kakanta na bakin aiki."

Sai da aka kawo masa yarinyar har Gusau bayan arba'in ya sa mata albarka.

Matsalar ita ce shiru, ba wanda ya kai mu ƙara. Damina ta wuce, kaka ta wuce, Kawu na jira. Har ya fara jin haushin Alhaji wai ya cika zaman lafiya da mutane. Duk baƙon da ya doso da takarda a hannu, Kawu zai miƙe tsaye ya tara hannu biyu. Wata rana na dawo daga Bungudu ko injin ban kashe ba, sai ga shi a bakin taga yana haki.

"Lawali, ta zo! Maza kai wa lauya, kada ka tsaya ko gaisawa!"

Ya zaro wata takarda daga cikin hula, a naɗe cikin ƙyalle. Na ɗauka da gaske ne, na ruga ofishin lauya. Lauya ya warware, ya karanta, ya kife kai a tebur yana dariya har da hawaye. Ashe tallan maganin basir ne, wani mai lasifika ya raba a bakin kasuwa. Da na koma na faɗa wa Kawu, ko gezau bai yi ba.

"To mi? Shi ma basir ai sammaci ne. In ya zo, zama na gagarar mutum."

Wani lokaci da hantsi, in ba lodi, nakan zauna kusa da shi. Inuwar ganye na rawa a jikin rigarsa, ƙamshin sabuwar dawa na fitowa daga sito, shi kuwa yana magana a hankali kamar mai yi wa kansa tatsuniya. Ya ce an nuna masa yadda sammacin zai zo: wata farar balbela ce za ta sauko daga gabas da takarda a baki, ta ajiye masa a cinya. Na ce, "Kawu, balbela shanu take bi, ba kotu ba." Ya ce, "Kai dai tuƙa motarka."

Abin ya zo ne da kaka, lokacin da ake tsananin wahalar man fetur. Ni da Alhaji muna Kucheri muna awon hatsi, mota ta ƙare mai, mun maƙale can. Ashe wani mutumin Tsafe ya kai ƙara cewa filin da sitonmu na can yake gadonsa ne, yana neman kotu ta rufe wurin. Siton kuwa cike yake da hatsin kwangila, har da na manoman da suka ba mu ajiya. Masinjan kotun, Malam Isa, ya sha yawon neman Alhaji a kasuwanni har ranar zama ta matso, sannan wani ya ce ya gwada Gusau.

Shi Malam Isa da kansa ya ba mu labarin daga baya. Ya ce ya sauka daga keke da farar rigarsa, yana shirin a zage shi kamar yadda ya saba, sai ya ga wani dattijo ya zabura ya buɗe hannuwa.

"Balbela! Lale marhabin da balbela!"

Ya ce har ya juya keke zai gudu. Kawu ya riƙe shi, ya zaunar da shi a tsakiyar tabarma, ya aika a damo fura, ya rantse ba zai karɓi takarda ba sai baƙo ya sha. Da aka zo sa hannu, Kawu ya rubuta sunansa da ajami, ya ƙara da na mahaifinsa da na kakansa, har wuri ya ƙare ya juya baya. Sannan ya tambaya yaushe ne zaman. Malam Isa ya ce jibi.

Nan fa Wakili ya ga aikin ya wuce zama. Da ya kai wa lauya takardar, lauya ya ce dole Alhaji ya bayyana da shaidunsa, ga shi babu waya, tasha kuma babu mota. Mutumin da ko sunan jikarsa bai tashe shi ba, ya soke takarda a hula, ya tsaya bakin titin Funtuwa har wata babbar mota mai ɗauke da auduga ta tausaya masa. Aka tura shi can ƙololuwa. Daga Tsafe ya hau kabu-kabu.

Muna zaune a inuwar rumbu da la'asar sai muka hango babur tafe, yara na bin sa da ihu. Fasinjan ya juya wa direba baya, yana fuskantar inda suka fito, auduga ta manne masa a gemu da gira kamar wanda ya tsufa a hanya.

"Kawu! Wane irin hawa ne wannan?"

"Wakili ba ya ba ofishinsa baya." Ya sauko, ya cire hula, ya miƙa wa Alhaji takardar da hannu biyu. Sai ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Lawali, yau na hau girgije. Ina kwance bisa taushi, gonaki na wucewa ƙarƙashina, duwatsu na gaishe ni. Kuma wanga karon ido biyu nike!"

Alhaji ya karanta. Sannan ya tashi ya shiga cire wa ƙaninsa auduga daga gemu da hannunsa.

Muka bar mota a can, muka isa kotu a kan lokaci, da dattawan da suka shaida cinikin filin. Kawu ya zauna a sahun gaba, kafin a gama karanta ƙara har ya fara minshari. Da alƙali ya buga tebur sai ya farka firgigit ya ce, "Ranka ya daɗe, taho ka ji abin da anka..." Alhaji ya toshe masa baki da hula. Alƙali da kansa sai da ya sunkuyar da kai. Ba a rufe sito ba. Maganar ta koma ta iyaka, dattawa suka sasanta, aka bar wa mai ƙara gefen da ke da haƙƙi a kai. Kawu kuwa ya bi mutumin har waje yana yi masa godiya, wai shi kaɗai ya san darajar ma'aikaci.

Bai daɗe ba bayan haka. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki cikin damina, Allah ya karɓi abinsa. Ranar uku muna zaune ana karɓar gaisuwa sai ga Malam Isa ya jingine kekensa. Ya yi addu'a, sannan ya ce:

"Na tsufa a aikin nan. An saka min kare, an ɓuya min a rumbu, an ce min mai gida ya mutu alhali ina jin tarinsa. Mutum ɗaya ne ya taɓa murnar ganina."

Muka yi dariya, Inna Hajo ma na jiyo tata daga zaure, sai kuma muka ɗaga hannu muka yi wa Kawu addu'a.

Allah ka jiƙan Kawu Bawa. Bai tara komai ba, bai kuma ɓata wa kowa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka tarbe shi da irin fuskar da yake tarbar bayinka. Amin.