Shayin Na-Tashkan da Ba a Cika Kofi

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, tunda ko yana raye ban taɓa kira ba. Mutanen Makarfi dai Na-Tashkan suke ce masa, saboda a birnin Tashkent na ƙasar Uzbek ya yi karatun noman rani, ya dawo da takarda da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya.

A cikinta yake dafa palof, shinkafar mutanen can: naman rago, albasa, karas tuli guda, a shimfiɗa shinkafa a kai, ba a juyawa. Ni da na saba juya dafa-duka, sai da ya riƙa ɓoye mini ludayi. Na sha kunyar a ce mijina na gindin murhu, shi kuwa ko a jikinsa, wai can maza ke wannan girki. Maƙwabta na ɗanɗanawa, gulma ta mutu.

Yau da zai ga jikokinsa suna kallon girkin a waya, suna ce mini ba haka ake yi ba, na san dariya zai yi har da riƙe ciki. Abin da ba zai yafe ba shi ne shayin yanzu, a ɗura maka kofi fal, ka shanye a tsaye ka wuce.

A kan shayi ne na kusa rasa ubana. Baba malami ne a Gazara, da ƙyar ya ba da ni ga ɗan bokon da ya zauna cikin 'yan gurguzu. Shekara biyu bai taka gidanmu ba. Ranar da ya zo, na san in ya fita da ɓacin rai, shi ke nan, ba zai sake waiwayarmu ba.

Maigidan ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo koren shayi, ba madara ba sukari. Ya zuba ɗan mitsitsi a gindin kofi, ya miƙa da dama, hagunsa a ƙirji. Ina leƙe ta bayan labule. Baba ya dubi kofin, ya dubi butar da ke cike, ya ajiye, ya fara laluben takalmi.

"Rowar ruwan zafi ita ma a can aka koyo ta?" in ji Baba.

"Allah gafarta Malam," maigidan ya amsa, kansa a ƙasa, "can in an cika wa baƙo kofi, an sallame shi ke nan. Wanda ake son zamansa kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don mai gida ya yi ta masa hidima. Wani tsohon liman ya koya mini a Bukhara."

"Bukhara ta malaman hadisi? Ka taka ta da ƙafarka?"

Baba ya saki takalmin. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, don gaskiya shayin nan ɗaci ne da shi, amma ya sake miƙo kofi. Na daina ƙirgawa a na bakwai. Aka kawo palof, ya nannaɗe hannun riga. Motar Gazara ta ƙarshe ta tashi babu shi, ni kuwa na koma madafi ina kuka ina dariya.

Ina kewar mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Magudanun ruwan da ya haƙa wa manoman rake a Kudan sun cike da ƙasa, takardarsa ma gara ta cinye rabi. Amma bara na je Gazara, na tarar da ƙanena, wanda ya gaji zauren Baba, yana zuba wa baƙi shayi ɗan kaɗan a gindin kofi. Wani ɗan Ikara ya tambayi dalili.

"Haka muka gada kaka da kakanni a gidan nan," in ji ƙanena, yana wani ɗaga kafaɗa.

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na fasa. Surukin da aka karɓa da ƙyar, ga shi an shigar da shi cikin kakanninmu. Allah ya ji ƙansa.