Jan Lalle da Farin Leɓe

Shekaru sun ja, sunayen likitoci da dama da na yi aiki da su sun ɓace mini, amma ranar da aka kawo mana Fati daga wurin sunan ɗiyarta ba ta taɓa fita raina ba. Ina so ku ji labarin, ku ma'aikatan jinya na yanzu da kuka taso cikin na'urori, domin kuskuren ranar nawa ne, ba na wata ƙaramar ma'aikaciya ba.

A farkon shekarun casa'in ne, ina babbar sista a ɗakin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti tsakanin unguwannin Maamobi da Nima. Ga wanda bai san aikin ba, babbar sista ita ke cewa wane zai ga likita yanzu, wane zai jira, wane za a sallama. Likita ɗaya gare mu, layi kuwa har bakin titi. Kafin nan na yi aiki a Tamale da Kano, na bi alhazai Jidda sau uku, na kuma yi shekara huɗu a Ingila. Na dawo gida da harsuna a baki, da kuma ɗan girman kai, in dai gaskiya za a faɗa.

A lokacin aka ba mu kyautar wata na'ura kamar ƙaramin rediyo, da igiya da ɗan abin da ake maƙala wa yatsa. Lamba biyu take nunawa: babba tana faɗin yawan iskar da jini ya ɗauka, ƙarama a ƙasa tana faɗin bugun zuciya a minti ɗaya. Ni kaɗai na taɓa aiki da irinta, don haka ni na koyar. Na ce musu in babbar lamba ta haura casa'in da biyar, lafiya lau. Ƙaramar ban tsaya a kanta ba, na ɗauka kowa ya san amfaninta. Nan da nan na'urar ta yi suna a unguwa, har tsohon da ya zo da ciwon gwiwa sai ya miƙo yatsa ya ce a gwada shi.

Wata Talata wajen ƙarfe goma na safe, mata uku suka shigo daga Kotobabi cikin zanen biki iri ɗaya. Ta tsakiya ita ce Fati, matar wani tela, haihuwarta ta fari, a gida ta haihu a hannun ungozoma. Ranar ce ta bakwai. Ta miƙe za a ɗauke ta hoto da jaririyar sai jiri ya kwashe ta. Goggonta da uwar mijinta suka riƙo ta. Uwar mijin, Hajiya Memuna mai tuwo, ƙawar mahaifiyata ce, ta san ni tun ina yawo ba takalmi.

Wadda ta karɓe su ita ce Akosua, wata 'yar Kumasi mai ƙwazo, watanta takwas da fara aiki, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta yi duk abin da aka koya mata. Ana gane ƙarancin jini ne da farin tafin hannu da farce da cikin fatar ido. Ta buɗe tafin Fati, ga lalle ja wur har farce, na suna. Ta ja fatar ido, kwalli ya haɗu da hawaye ya ɓata wurin. Sai ta maƙala na'ura. Ni kuwa ina bayan labule ina ɗaure hannun wani mahauci da wuƙa ta yanke. Na ɗaga murya na tambaye ta da yarensu na Twi me na'ura ta ce.

"Casa'in da takwas, Sista."

Hajiya Memuna ta leƙo. "Ramatu, ki ba ta ƙwaya mu tafi. Gida cike da mutane, an yanka rago, mai jego ba ta nan. Yunwa ce kawai, tun asuba ko koko ba ta sha ba."

Na ce, "To Mma, ta huta minti goma a benci, sai ku tafi." Akosua ta miƙo kati, na sa hannu ba tare da na leƙa fuskar yarinyar ba.

Ina cikin naɗe bandeji na ji wata siririyar murya tana neman ruwa. Aka ba ta. Ba a jima ba ta sake nema. A karo na uku hannuna ya tsaya cak. Wata tsohuwar sista da ta horar da ni a Tamale takan ce in mai jego ta dame ki da ƙishirwa, ki ajiye abin da ke hannunki. Na taɓa ganin haka a Jidda wurin wata mata da ban ji yarenta ba, kofi kawai take ta nunawa. Na ce wa mahaucin ya danne da kansa, na fito.

Na kama hannun Fati, sanyi ƙalau, ga gumi. Na'ura tana nan a yatsarta, babbar lamba casa'in da takwas, ƙaramar ɗari da talatin da biyu, wato zuciya na gudu fiye da kima. Tun ɗazu take nan tana ƙyaftawa, ba wanda ya kalle ta. Na ja leɓenta na ƙasa. Fari fat, kamar takarda.

Na juya na ce, "Mma, ku taimaka ku sayo mata koko mai zafi, ke da Goggo." Suna fita na ja labule.

"Fati, jinin ya tsaya?"

Ta kalli labulen kafin ta kalle ni. "Sista, tun shekaranjiya yake ƙaruwa. Zane huɗu na canja daga jiya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Sun ce datti ne yake fita. Kuma yaya zan faɗi wannan a gaban Mma?"

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ku gane wannan. Ku ɗauka trotro goma, motocin haya, ke bin hanyar Nima, bakwai sun lalace, ukun da suka rage kowacce cike da fasinja. In ka tambayi na'urar, za ta ce motoci sun cika. Ba ta ƙirga nawa suka rage, haka kuma take yi da jini.

Muka kwantar da ita, muka ɗaga ƙafafunta, Akosua ta sa mata ƙarin ruwa, na yi mata allurar da ke matse mahaifa, na aika a kira likita. Ya duba, ya ɗauki katin, ya ce, "Wa ya sallame ta?"

"Ni ce, dokta."

Ya ɗan kalle ni. "Ma yi magana daga baya. Babban asibiti, yanzu."

Motarmu ta fita ɗauko magani, sai tasi muka tara. Saura jini, domin a can sai dangi sun bayar kafin a ƙara wa mutum. Hajiya Memuna ta dawo da kwanon koko ta tarar ana fito da surukarta a kwance. Na gaya mata komai a tsaye. Ba ta yi kuka ba, ta dai ajiye kwanon a ƙasa.

"Jinin mutum nawa?"

"Mma, maza nawa ke gidanki yanzu?"

Ta juya ga goggon. "Je ki ce ni na ce. Duk wanda ya ci naman ragon nan ya shiga mota."

Ni na zauna baya, kan Fati a cinyata, Akosua ta riƙe ledar ruwa sama har muka isa, ba ta sauke ba. Ba mu yi minti arba'in da isa ba sai ga trotro cike da maza cikin fararen riguna, suna ƙamshin turare: mijinta Awudu, abokansa teloli, har da mai hoto. Wani ƙato da aka ce shi ya kayar da ragon, da ya ga allura sai ya ce a rufe masa ido. Awudu ya ce, "Kai da ka yi wa rago haka!"

Aka yi mata wankin ciki, aka ciro ragowar mabiyiya, aka ƙara mata jini leda biyu. Bayan la'asar ta buɗe ido. Ba ruwa ta nema ba, cewa ta yi, "Ina ɗiyata?" A nan na zauna a dandamali na yi ta hamdala.

Washegari Akosua ta zo da jajayen idanu za ta ɗauki laifi a gaban likita. Na ce ta zauna, ni na koyar da rabin darasi, ni kuma na sa hannu daga bayan labule. Daga ranar muka tsayar da ƙa'ida uku: a rubuta lamba biyun duka, a duba cikin leɓen duk mai lalle, a kuma samo dalilin fitar da surukai kafin a tambayi mai jego.

Na ga asibitocin da suka fi namu kaya nesa ba kusa ba, kuma ko'ina na'ura tana amsa tambayar da aka gina ta a kai ne kaɗai. Ba ta san lalle ba, ba ta san kunya ba. Waɗannan aikinmu ne, kuma ba a yin su daga nesa. Ku taɓa hannun mutum kafin ku sa hannu a katinsa.

Bayan mako uku Fati ta kawo jaririyar awo, lallen ya fara dushewa. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta tsaya a gabana ta ja leɓenta ƙasa da yatsa. "Sista, duba."

Na duba. Ja ne, kuma wannan karon ba lalle ba ne.