Shekara Huɗu Ta Yi Masa Nisa

Matso ka zauna, in nuna maka wani mutum. Ga shi can a ofishin kamfanin robobi, manaja ne, gemu duk furfura, tabarau na lilo a karan hanci. Kowace takarda aka miƙo masa, sai ya lashi yatsa ya tsallake zuwa shafin ƙarshe.

Shugaban ma'aikata na tsaye gabansa, hannu naɗe da bandeji. Tsohon inji ya sake cizo.

"Ranka ya daɗe, maganar sabon injin nan fa? Mutanena sun fara tsoron wancan."

"Shekara nawa zai mayar da kuɗinsa?"

"Huɗu, in ji injiniya."

Manaja yana satar kallon bango, inda ya rubuta wani kwanan wata da jan biro. Da alama ranar ritayarsa ce, baɗi war haka. Wato in ya sayi sabon injin, shi zai sha faɗan masu kamfani, wani ya zo ya sha yabo.

"A ɗaure tsohon da waya tukuna, Malam. Allah zai tsare."

Ba shi da fuskar mugu, wallahi, ƙila ma ya iya wasa da jikoki. To amma kafin baɗin, hannun wa injin zai ci?