Ciyawar Baba Tiyo

Duk lokacin da aka koro 'yan ƙwallonmu daga wata gasa, sai a tara wasu maza huɗu masu kwat a talabijin su yi ta zuba. Wannan ya ce ba kishin ƙasa, wancan ya ce koci bai iya canji ba, na uku ya ce alƙalin wasa ne ya yi mana coge. Ni malamar firamare ce, ban taɓa sa ƙafa na bugi ƙwallo ba, amma idan na ji su sai raina ya ɓaci har in kasa cin abinci. Akwai abin da ba sa faɗa, kuma a gidanmu na san shi, a wurin yayana.

Shekara ashirin da bakwai Yaya ya yi yana kula da filin atisayen 'yan wasan ƙasa. Ba babban filin da 'yan kallo ke cikawa ba. Wani ne a bayansa, an kewaye shi da waya, da ɗan ɗakin kwano a gefe inda yake ajiye injin yankan ciyawa da manjagara da baro da bokitin farin fenti. Yana saurayi aka ɗauke shi jan tiyo, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Baba Tiyo 'yan wasa ke ce masa. Matarsa ma idan ta so tsokana haka take kiransa.

Kullum da safe yakan tuɓe takalmi ya taka filin daga wannan raga zuwa waccan, ya juyo ta wani layin, har ya gama shi kaf. Inda ƙasa ta yi laushi ya soka ɗan tsinke, inda ta yi tauri ya soka biyu. Tsawon ciyawa da gaɓar babban yatsansa yake aunawa. Mahaifiyarmu kafin ta rasu takan ce da Yaya ya lura da kansa rabin yadda yake lura da ciyawar nan, da ya fi haka kyan gani. Wandonsa kullum kore ne daga gwiwa zuwa ƙasa, ba sabulun da matarsa ba ta gwada ba.

Koci tara ya gani sun zo sun tafi kafin wanda ake kira Koci Shiru. Waɗancan tara ba wanda ya cika shekara biyu. Da an sha kashi sau biyu a jere sai a kore shi, a kawo wani ya watsa duk abin da na baya ya soma. Koci Shiru kuwa sa'a ya ci. Manyan hukumar ƙwallo a lokacin suna can suna rikici a kan kujera, kotu yau kotu gobe, har suka manta ba su kore shi ba. Shekara shida ya yi. Ya ɗauko matasan da ya horar tun suna 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, ya riƙe su tare, a fili ɗaya, da salon wasa ɗaya, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai gudu kafin ya ɗaga kai.

Koci Shiru mutum ne da ba ya shiga fili sai ya fara tsayawa a ƙofar ɗakin kwanon nan.

"Baba, yau ina za mu taka?"

"Ku bar gefen gabas ya huta, Koci. Jiya kun ci shi da yawa. In ja muku raga ta nan."

"To, yadda ka ce."

A shekararsa ta biyar suka kai wasan ƙarshe na gasar nahiya, abin da ba a taɓa yi ba. A bugun fenariti aka doke su. Koci Shiru ya dage sai da aka sa sunan Yaya a cikin masu tafiya, duk da wani babba ya so kujerar jirgin don surukinsa. Ita ce kaɗai tafiyar da Yaya ya taɓa yi a jirgin sama. Ni na raka shi aka ɗauki hoton fasfo, na kuma ara masa jakar maigidana.

Da ya dawo muka cika ɗakinsa muna jiran labarin dogayen benaye. Ba abin da ya kawo sai labarin wani tsoho mai kula da filin atisayen ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar, wadda ta ɗauki kofin sau uku. Ba sa jin harshen juna, da hannu suka yi ta magana. Tsohon ya nuna masa bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, ya nuna masa filaye huɗu a jere, na ƙanana da na matasa da na mata da na manya, duk ciyawar tsayi ɗaya. Ya nuna masa hoton kocinsu a bango, ya ɗaga yatsu goma, ya ƙara biyu, wato shekarun da kocin ya yi a kan aiki.

"Auta," in ji Yaya, don haka yake kirana har yau da nake da jikoki, "mutanen nan ba su fi yaranmu ƙafa ba. Na tsaya na kalle su. Abin da suka fi mu shi ne, idan sun dasa abu suna barinsa ya yi saiwa. Kuma a ƙofar filinsu akwai kwaɗo, makullin yana aljihun tsohon nan. Ko shugabansu sai ya tambaye shi."

Shekara guda bayan haka rikicin hukuma ya ƙare, aka sami sabon Shugaba. Aikinsa na farko shi ne sallamar Koci Shiru, wai ba shi da suna a duniya. Aka kawo wani mai suna daga ƙetare, wanda ya fi sanin hanyar otal da filin jirgi a kan hanyar filin atisaye. Ya tafi, aka kawo wani. Cikin shekara biyu aka yi uku. Kowanne ya zo da tsarinsa, yara suka rikice, mai tsaron baya ya koma tsakiya, na tsakiya ya koma benci. Duk da haka tsofaffin yaran Koci Shiru suka lallaɓa suka samo gurbin shiga gasa ta gaba, yawanci da ƙafar ɗan wasan gaba mai lamba tara, wanda ake kira Kibiya.

Saura mako biyar a shiga sansanin horo, Yaya ya zo aiki ya tarar da tirela biyu a bakin waya, ana sauke ƙarafan rumfa. Sakataren hukuma na tsaye da takarda a hannu. Wai an ba da filin a yi baje kolin motoci na kwana goma.

"Yallaɓai, a kan ciyawar?"

"To a kan me? Ai fili ne."

"Akwai wurin ajiye motoci a gaban babban fili, kwalta ce, ba abin da zai same ta."

"Masu abin sun ce kore ya fi kyau a hoto. Buɗe musu."

Yaya bai buɗe ba. Ya haura bene har ofishin Shugaba, da koren wandonsa, ya zauna a bencin baranda tun safe har bayan azahar. Da Shugaba ya fito zai shiga mota ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, motoci za su danne ƙasar, bututu zai fashe, turaku za su bar ramuka. Mako biyar ba zai isa ta warke ba. Yaran nan za su ji ciwo."

Shugaba bai ko dube shi ba. Ya tambayi Sakatare, "Wane ne wannan?" Da aka ce mai ban ruwa ne, sai ya yi dariya ya ce, "Ciyawa ce fa, ba mutum ba. Ta sake tsirowa." Kafin Yaya ya koma an riga an sa guduma an fasa kwaɗon ƙofar filin.

Kwana goma suka zama sha shida. Da aka kwashe rumfuna na je na gani da idona, don matarsa ta aiko mini cewa ya daina cin abinci. Sawun taya ko'ina, baƙin mai ya ƙone ciyawa wuri-wuri, tsakiyar fili ta zama taɓo saboda bututun da ya fashe. Yaya yana rarrafe da gwiwa yana laluben ramukan turaku da yatsa, yana cusa musu yashi da ƙasa. Ya ce ya cike ɗari uku da wani abu. Wasu turakun sun karye a ciki, sai ya haƙa ya zaro. Ya rubuta takarda, ni na gyara masa rubutun, yana roƙon a kai atisayen wani wuri. Ya kai ta ofis har sau biyu. Ba amsa.

A rana ta huɗu ta sansani aka yi ruwa da safe. Kibiya ya ruga zai tari ƙwallo a gefen yamma, ƙafarsa ta dama ta nutse a ramin da ruwan ya buɗe, jikinsa ya juya ƙafar ba ta juya ba. Yaya ya ce daga bakin ɗakin kwano ya ji ƙarar. Jijiyar gwiwa ta tsinke. Kwana biyu bayan haka mai tsaron raga ya gurɗe a idon sawu. Aka tafi gasa ba su biyun, da kocin da bai gama haddace sunayen 'yan wasansa ba. Wasa uku, ba ci ko ɗaya, aka dawo.

Sai aka kafa kwamitin bincike, kuma Sakatare ne marubucinsa. Suka kira Yaya. Na ɗauki hutun rana guda na bi shi, na zauna a baya. Dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa, Yaya a tsaye ba wanda ya ce ya zauna.

"Aikin wa ne kula da filin?"

"Nawa ne, Yallaɓai."

"Ramin da ɗan wasa ya faɗa, a filin yake?"

"A filin yake. Amma turken rumfar baje koli ne ya..."

"Ba a tambaye ka baje koli ba. Baje koli ba ya cikin abin da aka ɗora wa kwamitin nan."

"Na rubuto takarda sau biyu."

Sakatare ya buɗe fayil ya rufe. "Babu takarda a nan."

Na miƙe na ce ni na gyara takardar da hannuna, kuma ina da kwafinta a jaka. Aka ce ba a gayyace ni ba, in zauna ko in fita. Na ajiye kwafin a kan teburin. Wani ya ɗora robar ruwansa a kai.

Rahoton ya fito da shafi arba'in. An ambaci rashin kishi, an ambaci zafin ƙasar da aka je, an ba da shawarar a nemo koci mai suna. A shafi na talatin da ɗaya aka rubuta cewa raunin Kibiya ya faru ne saboda sakacin wani ƙaramin ma'aikaci. Ko laƙabinsa ba su sa ba. Aka sallame shi, aka karɓi makullin ɗakin kwano a bakin ƙofa kamar wanda aka kama da sata.

Kibiya ya zo gidan a kan sanduna bayan an yi masa aiki. Ya zauna a tsakar gida ya miƙe ƙafar, Yaya ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ɗago ka dube ni. Na ga gwiwoyinka ranar da muka shigo sansani. Na san wanda ya haƙa ramin nan, kuma ba kai ba ne."

"Da na ƙara bi sau ɗaya, da na gan shi."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Waɗanda suka yi ɓarnar ba wanda ya rasa barcin dare ɗaya, shi kuwa yana zaune yana tuhumar yatsunsa. Kibiya ya faɗi gaskiya a wata hira da aka yi da shi a rediyo. Tun daga ranar ba a sake kiransa tawagar ƙasa ba, ko da ya warke.

Yanzu Yaya yana da ɗan lambu a bakin titi, yana sayar da dashen furanni da itatuwa a leda. Bara, saura kwana goma a yi wani babban wasan neman gurbi, sai ga motar Sakatare ta tsaya a gaban lambun. Ashe ba filin atisaye kaɗai ba, babban filin ma ya mutu, an yi ta taro a kansa. Ina wurin, na kawo masa abincin rana.

"Baba, taimako muka zo nema. Baƙi za su zo, za a nuna a duniya. Kwana goma gare mu."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya wanke hannunsa ya shiga motar. Da yamma ya dawo ya ce ya taka filin kaf, ya gaya musu wata huɗu yake bukata ba ƙafar kowa a kai, a kai wasan wani gari. Sakatare ya ce wata huɗu ba magana ba ce, akwai wani ɗan kwangila da ya ce zai gama a kwana uku.

Ya kuwa gama. Koren fenti ya fesa wa ƙasar.

A gidan Yaya muka kalli wasan. Daga sama filin ya yi kyau, har mai sharhi yana yaba wa hukuma. Baƙin da suka zo fararen kaya suka sa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci duk wanda ya faɗi sai ya tashi kore shar har wuya, ƙwallo tana tsalle kamar an jefa ta a kan tsakuwa. Aka ci mu biyu ba ko ɗaya. Da aka nuna wani ɗan bayanmu yana ɗingishi, Yaya ya matsa kusa da talabijin yana tambayar wace ƙafa ce.

Washegari aka kori koci. Shugaba yana nan a kujerarsa, an ma ƙara masa wa'adi.