Ramin Baba Tela

Lokacin yaƙi ina 'yar ƙarama, gidanmu yana manne da na wani tela da duk layin ke kira Baba Tela. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ta zube ta gefe guda har ta zama hanya. Ƙaton mutum ne mai tumbi, amma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai allura ta suɓuce masa.

Babanmu direba ne, an tafi da shi da motarsa jigilar kayan sojoji, aka bar Inna da kakarmu da mu yara. Baba Tela bai taɓa cewa taimakonmu yake yi ba. Sai dai ya leƙo ya ce matarsa ta sake cika tukunya, abinci zai lalace, a zo a rufa masa asiri. Ita kuwa tana bayansa tana harararsa, don a duk layin ba wadda ta kai ta iya awo.

Da jirage suka fara shawagi, ya ce zai haƙa rami a tsakar gidansa saboda yara. Ya jera mu ya auna kafaɗun kowa da tef, kamar zai ɗinka mana riguna. Inna ya auna ta da ido daga nesa, kakarmu kuwa ya auna ta tana zaginsa. Kansa kawai ya manta.

Wata rana da tsakar rana muka ji rugugi ya matso. Ya tura mu ciki ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Inna autanmu, sannan ya zura ƙafafunsa. Ya shiga har ƙugu ya tsaya cak, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Duhu ya rufe mu, ba ma jin komai sai ƙafafunsa suna shure-shure a kanmu. Kakarmu ta ce ya riƙe numfashi, ya ce tun ɗazu yake riƙe da shi.

Jirgin ya wuce bai jefa komai ba. Sai da maƙwabta suka ja hannuwansa, mu muna turawa ta ƙasa, sannan ya fito da yagaggen wando. Yana karkaɗe jikinsa ya ce, "Da gangan na yi, ai ramin yana buƙatar murfi." Daga ranar yara suka sa masa Murfi. Ya ji, ya yi kamar bai ji ba, washegari dai ya faɗaɗa bakin ramin.

Bayan yaƙi babanmu ya dawo a rame, ba ya son magana. Baba Tela bai tambaye shi komai ba. Ya aiko aka kwashi tufafin babanmu ya rage musu faɗi, ya ajiye masa kujera a shagonsa kusa da keken ɗinki, wai yana neman mai zura masa zare a allura. Can babanmu ya riƙa wuni, ya fi wata yana zura zare shiru, kafin wata safiya mu jiyo dariyarsa daga shagon.