Hotunan ragunan da suka ɓace tsakanin Dogon Dutsi da Yamai

Shekarun baya kaɗan, ana gab da Sallar Layya, na samu wani ciniki da ban taɓa yin irinsa ba. Ni dillalin dabbobi ne a Dogon Dutsi. Na saba mai saye ya zo, ya buɗe bakin rago, ya matsa gadon bayansa, mu yi ta ja har mu daidaita. To wani kamfani a Yamai yana son raba wa ma'aikatansa raguna, abokina da ke sayar da wayoyi a bakin kwalta ya haɗa ni da su. Sharaɗinsu guda ne, ba za su zo ba. Suna da manhaja da masu kawo musu kaya ke sawa a waya. Ka rubuta saƙo, ka maƙala hoton kowane rago a jikinsa, na'urarsu ta karɓa, su duba su amince, sannan ka yi lodi.

Ragunan kuwa ba nawa ba ne. Na wani dattijon Bafillace ne da ke kiwo wajen Tibiri, wanda muka daɗe muna hulɗa. Taubashina ne, ni Ba'are shi Bafillace, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Da na je masa da maganar hoto sai ya ɗaure fuska.

Ya ce, “Bawana, ka fara cin dabba da ido kenan? Wa zai kalle su can?”

Na ce, “Mutanen buro ne, Baffa, 'yan zaman ofis. Su ko akuya ba su iya kamawa.”

Ya ce, “Su ne masu baki. Mutum ya ce kai, wannan rago, bai ce tubarkalla ba, gobe in tarar da shi kwance.”

Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗi biyu. Ba za a ɗauki garken a haɗe ba, sai ɗai-ɗai. Kuma da zarar na aika, in goge hotunan daga wayata a gabansa. Na ce na ji. Muka ɗauka, muka hau wani tudu inda rezon waya ke kamawa. Manhajar tana tambayar sunan kowane hoto kafin ta maƙala shi. Ni kuwa rago ba shi da suna a wurina sai irinsa, haka muke kiran su a kasuwa. Wannan uda, wancan ma uda, na gaba balami, sai ara-ara. Haka na yi ta rubutawa har na gama. Na danna, abin ya yi ta juyawa, can ya nuna kore, wai saƙo ya isa. Na goge hotunan yana kallo, har ya sa na buɗe masa wurin ya ga wayam.

Washegari matar da ke kula da sayayya a kamfanin ta kira ni. Ba ta ko tsaya gaisuwa sosai ba.

Ta ce, “Alhaji, saƙonka ya zo. Amma raguna uku na gani. Uku za ka raba wa ma'aikatanmu duka?”

Na ce, “Madam, duba da kyau. Duka na aiko.”

Ta ce, “Ina kallon allon yanzu. A rubuce ka ce ga garke, a hoto uku ne.”

Na buɗe wayata. A wurina saƙon yana nan da jerin sunayen hotunan, kowanne da alamar kore. Ita kuma tana ganin uku. Saƙo ɗaya, ni ina ganin wani abu, ita tana ganin wani. Abin da na sani shi ne mota. Idan direba ya iso, kaya sun iso. Idan kaya sun zube a hanya, ana bin sawu a tsince su. Na tambaye ta ina ne hanyar, ta ce in yi magana da mai kula da na'urorinsu.

Shi wannan mutumin kirki ne, amma ya ƙara rikita ni. Da farko ya ce ƙila hotunan sun yi nauyi. Na ce ai ragunan ƙosassu ne, amma hoto fa? Ya yi dariya, ya ce saƙo daban yake tafiya, abin da aka maƙala masa kuma ana yanka shi gunduwa-gunduwa, sai can a sake haɗa shi. Jim kaɗan ya sake kira, ya ce ƙila don sunayen sun zo iri ɗaya ne, na'urar ta ɗauka abu guda nake maimaitawa, sai na baya ya danne na gaba. Na ce to a ɗaga na saman a ciro na ƙasan. Ya ce ba haka abin yake ba. Na ce suna wurinku? Ya ce a'a. Suna wurina? Ya ce tunda na goge, a'a. Abokina mai wayoyi kuma ya rantse rezo ne kawai, ya ce tudun nan ko kira ba ya riƙewa. Duk dai maganar kamfanin ta tsaya wuri ɗaya: in sake ɗauka in aiko kafin ƙarshen mako, in ba haka ba su ba wani dillalin.

Na hau kabu-kabu na koma. Dattijon ya matsa da garken gaba, sai da muka yi ta tambaya kafin muka same shi a gindin wata gawo. Na yi masa bayani iya fahimtata, wadda ba ta da yawa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, “To na farkon suna ina?”

Na ce, “Sun ɓace.”

“A hannun wa?”

“Ba a hannun kowa ba.”

Ya ce, “Ba'are, ka ji abin da bakinka ke faɗi? Abu ya bar hannunka, bai isa hannun mai shi ba, kuma ba ya hannun kowa. Mu abin da ke yawo haka a daji mun san sunansa. Ragunana na can ana kallo, ban san mai kallon ba, kuma ka zo in ƙara maka wasu?”

Ni ma tambayar da ke cina kenan tun daga gida. Na roƙe shi, na yi masa tsiya, na ce tsoron waya yake kamar ɗan maraƙi. Bai ko murmusa ba. A ƙarshe ya ce, “Raguna in kana so ka kwasa, na yarda da kai. Ran da suka bar hannuna ka ɗauke su hoto har ka gaji. Amma a garkena, a'a.”

Na zauna na auna. Idan na yi lodi ba amincewa suka ƙi karɓa, zan tsaya da raguna a Yamai, ga kuɗin mota ga abinci, kuma amanar mutum a wuyana. Idan ban yi ba, ciniki ya tafi. Na nemi kamiyo, babbar motar kaya, muka yi lodi.

Da hantsi muka tsaya a ƙofar kamfanin, raguna na ta kuka. Matar ta fito tana riƙe baki. Na ce, “Madam, ga hotunan nan, na kawo su da ƙafafunsu.” Ta zagaya motar, ta ce raguna sun yi, amma na'ura ba za ta buɗe takardar biya ba sai da hoto a jikin saƙo. Haka muka sauke su ɗai-ɗai a farfajiya. Mai kula da na'urori yana ɗauka da wayata, yana sa wa kowanne lamba, yana aikawa zuwa ofishin da ke bayansa, wanda ko dutse na jefa zai faɗa ciki. Matar tana leƙowa ta taga tana cewa, “Ya zo! Saura.” Duka suka isa, aka karɓi raguna.

Tun daga lokacin ban ƙara yarda da alamar kore ba. In na aika hoto ko takarda, sai na kira na ce a gaya mini abin da ake gani, launinsa da ƙahonsa, kuma ba na goge komai sai kaya sun sauka. Amma in ce muku na gane abin da ya faru, ƙarya zan yi. Na yi aiki da manhajar nan sau da yawa bayan haka, wani lokaci har da sunaye iri ɗaya don in gwada, wata rana su isa, wata rana su ƙi. Dattijon kuwa har yau bai sake bari an ɗaga waya a garkensa ba, ni kuma na daina ce masa matsoraci.