Gajiyar da Nake Nema a Jikin Ƙanena

Ƙanena ya fara shan tiramol ne lokacin da yake jan keke napep. Ya ce ƙwaya ɗaya a shayin safe tana kai shi magariba bai ji ciwon baya ba. Ɗaya ta zama uku, har ranar da ya faɗi a bakin titi yana kakkafewa. Da aka sallamo shi daga asibiti, mahaifiyarmu ta ce ya dawo gidana a unguwar Shehuri, tun da ni ne babba.

Ni sana'ata rubutun allo. Na shimfiɗa masa buzu kusa da nawa a zaure, na ba shi aikin dafa tawada da feƙe alƙalami, ina ganin in yana gaban idona shaiɗan ba zai sami ƙofa ba. Wata guda yana zaune yana hamma, abinci sai dai ya tsakura. Kullum da safe ina ba shi rubutun sha, ya shanye.

Sai wata rana wani abokinsa ya yi sallama. Na san shi sarai. Tare suka ja keke, kuma a bakin mutane shi ne ya fara miƙa masa ƙwayar. Ya ce ya daina tuni, yanzu yana da lambu a bakin kogin Ngadda, yana neman mai taya shi ban ruwa. Na ce zan yi shawara, a raina kuwa na riga na ƙi. Mahaifiyarmu ce ta karya ni. Ta ce, "Ka tsare shi kamar ragon layya. Bar shi ya ga rana."

Na bar shi, amma na san abin da na sani. Masu aikin ƙarfi da yawa da ƙwayar suke yini. Don haka ban damu da idonsa ko warin bakinsa ba, gajiya nake nema. In ya dawo yana jan ƙafa, ya zauna yin sallar la'asar da ƙyar, sai in gode wa Allah. Allah Ya yafe mini, wahalarsa ce take kwantar mini da hankali.

A mako na uku ya dawo yana fito. Ya wanke kayansa, ya cika randunan gidan, har ya share zaure ba wanda ya sa shi. Matata tana ta sa masa albarka, ni kuwa alƙalami ya ƙi tafiya a hannuna. Washegari na bari shi da abokin suka yi nisa, na bi bayansu ban gaya wa kowa ba.

Na same su cikin fangalin albasa. Abokin ya ɗago ya gan ni da farar riga a kan gaɓa, ya yi dariya ya gaishe ni. "Wushe, Malam. Sintiri aka fito?"

"Iska na zo sha."

"To ga bokiti, da shi ake shanta a nan."

Na naɗe riga na karɓa. A lambun da ke maƙwabtaka da su na ga wani yana ɓare ƙwaya yana jefawa a kofin shayi, ko ɓoyewa bai yi ba. Na dubi abokin. Ya ce, "Tana ko'ina, Malam, har bayan masallacinku. Gara ƙanenka ya saba ganinta yana wucewa."

Da aka shayar da fangali goma sai ya ce kowa ya zauna a inuwar dogon yaro. Ƙanena ya ce a ƙarasa layin. Abokin ya tsaya yana kallonsa. "Ba ka gaji ba? Juye aljihunka." Ya juye, ba komai sai goro. Shi ma ƙanena ya ce, "Kai ma juye naka, tsohon ɗan ƙwaya." Ya juye. Ashe haka suke yi wa juna kullum, kuma duk wanda ya ƙi hutu shi ake fara cajewa.

Na tambayi yadda aka yi jiya ƙanena ya koma gida bai gaji ba. Abokin ya ce sun sami aron injin ban ruwa, injin ne ya yi aikin, su zaune suka yini. Ban ga inji ba, sai shaidar tayar baro a laka. Da muka tashi tafiya na hango fankon katin ƙwaya a cikin fangalinsu. Iska tana iya kawo shi daga maƙwabta. Tana iya kuma yiwuwa ba ita ta kawo ba. Na tsince shi na sa a aljihu, ban nuna wa kowa ba.

Kashegari bayan asuba ƙanena ya tsaya a ƙofar zaure da takalmansa a hannu. Ya san na ga wani abu, don bai dubi fuskata ba.

"Yaya, in tafi?"

Na daɗe ina jan carbi kafin na amsa. Na ce ya tafi, kuma ya gaya wa abokinsa ya ajiye mini bokiti duk ranar Alhamis.